Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga SON, NESREA Da NAFDAC Kan "Leda Mai Ruɓewa": A Kafa Ma'auni Kafin Kasuwa Ta Cika

Zuwa ga shugabannin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, da hukumar tilasta dokokin muhalli, NESREA, da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC.

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan wani kaya da ya fara shigowa kasuwa ba linzami: leda da mazuban abinci da ake buga wa hoton ɗanyen ganye, a rubuta a jikinsu cewa suna ruɓewa su koma ƙasa. Tun da Jihar Legas ta haramta farin mazubin tekawe na soso a Janairun 2024, ta kuma shiga tilasta dokar hana robobin amfani sau ɗaya daga 1 ga Yulin 2025, masu masana'antu suka gane inda aka dosa. Gwamnatin tarayya ma ta sanar a 2024 cewa ta hana irin waɗannan robobi a ma'aikatunta. Ko ba daɗe ko ba jima maganar za ta iso Kano da Kaduna da Sakkwato. Ranar da ta iso, duk mai injin busa leda zai so a ce kayansa mai ruɓewa ne. Idan kuwa babu inda ake auna wannan iƙirari, wanda ya fi iya ƙarya shi zai ci kasuwa, mai gaskiya ya rufe masana'anta. Roƙonmu shi ne kada wani ya rubuta "mai ruɓewa" a jikin kaya sai ya faɗi inda yake ruɓewa da tsawon lokacin da yake ɗauka, kuma an gwada an tabbatar.

Ba leda muke karewa ba. Mahauci ya san dunƙulen ledar da yake zarowa daga tumbin saniya. Manomin da ke sayen takin bola a jaki ko a tifa ya san yadda gona take komawa kamar an yi shanya. Kwalbatocin birni kuwa kowace damina suna ba da shaida. Tsoronmu shi ne a gudu ba a tsira ba.

Kaya iri uku ne ake sayarwa da suna ɗaya. Na farko shi ne wanda ake kira okso. Ledar polietilin ce ta kullum, an zuba mata kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na wani sinadari mai gishirin ƙarfe, irin su kobal ko manganis. Idan rana da zafi suka dake ta sai ta yi rauni ta dagargaje. Ido ya daina ganinta, amma robar tana nan, ta zama ɓurɓushin da ba mai iya tsincewa, ya shiga ƙasar noma da ruwan sha. Ledar da ba ta dagargaje ba ma ta fi ta, domin ita ko ba komai ɗan bola jari zai ɗauka. Tarayyar Turai ta haramta okso ɗungurungum a dokarta mai lamba 2019/904, haramcin ya fara aiki a Yulin 2021. Wanda aka hana sayarwa a can kasuwa yake nema a wani wuri, kuma shi ne ya fi dacewa da son ran mai masana'anta, tunda ba ya bukatar sauya inji ko ƙara jari. Wannan a hana shi kai tsaye, tun daga takardar SONCAP ta shigo da kaya.

Na biyu polietilin ne da aka cakuɗa da ɗan sitaci, wani lokaci har da garin farar ƙasa don ƙara nauyi. Ƙwayoyin halitta su cinye sitacin, su bar ragar roba. Shi ma yaudara ce.

Na uku shi ne na gaskiya: kayan da ƙwayoyin halittar ƙasa ke iya cinye shi gaba ɗaya, ya koma iskar kabon da ruwa da taki. A nan ake samun sitacin da aka sarrafa, da robar PLA da ake yi daga sukarin masara ko rake ko rogo, da robar PBAT, da kuma zaren tsirrai da ake matsewa ya zama faranti. PBAT ɗin nan daga man fetur ake yin sa, amma yana ruɓewa a ƙasa. Akwai kuma polietilin da ake yi a Burazil daga rake, wanda ba ya ruɓewa ko kaɗan. Saboda haka rubuta "daga tsiro aka yi" a jikin leda ba hujja ba ce, kuma bai kamata doka ta karɓe ta a matsayin hujja ba.

Ko na gaskiyar ma da sharaɗi. Ma'aunin Turai na EN 13432, da takwarorinsa ASTM D6400 na Amurka da ISO 17088, suna cewa kashi 90 cikin 100 na kabon ɗin kayan ya koma iska cikin wata 6, kuma bayan mako 12 abin da zai saura a kan rariya mai ido na milimita 2 kada ya wuce kashi 10. Akwai iyaka kan ƙarafa masu guba, akwai kuma gwajin shuka iri a takin da ya fito. Amma duk wannan a zafin digiri 58 ake yi, cikin taki mai danshi da ake juyawa, wato a masana'antar yin taki. Shararmu ba can take zuwa ba. Bola take zuwa, ko kwata, ko wuta. A hunturu laimar iska a Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, bola ta bushe ƙayau, ƙwayoyin da ake jira su ci ledar su kwanta. Kofin PLA da aka jefar a irin wannan wuri zai shekara da shekaru yana nan, alhali takardar shaidarsa ta Turai ba ƙarya ta yi ba. Ɗauko ma'aunin waje a manna masa lambar Najeriya aikin kwana ɗaya ne. Abin da zai yi mana amfani shi ne wanda ya bambanta ruɓewa a masana'antar taki, da ruɓewa a ramin takin gida, da ruɓewa a ƙasar gona, kowanne da tambarinsa. Kuma har sai an samu masana'antun taki da motocin da ke kai musu shara, tambarin farko bai cancanci wani sassaucin doka ba.

PLA yana da wata matsalar ta daban a ƙasarmu. Yakan fara laushi daga digiri 55 zuwa 60. Bayan motar da aka lulluɓe da tamfol a watan Afrilu, ko shagon kwano da aka kulle da azahar, yana iya kusantar haka. Kofuna su lanƙwashe tun ba su kai ga mai saye ba, balle a zuba musu kunu mai zafi.

Yanzu ga abin da za mu iya yi da hannunmu, da inda yake ba da matsala, domin wanda zai rubuta ma'auni ya kamata ya san inda kayan ke karyewa.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara. Sai an markaɗa tan 4 zuwa 5 na ɗanyen rogo kafin a samu tan guda na busasshen sitaci, kuma dole a sarrafa shi cikin kwana biyu zuwa uku da tonowa, in ba haka ba ya yi jijiya baƙi-baƙi ya fara lalacewa. Sitacin da zai shiga inji ya zama danshinsa bai wuce kashi 13 cikin 100 ba, bai yi tsami ba, babu yashi. Wanda aka shanya a bakin titi ba ya yi: yashin yana cin ƙarfen inji yana huda leda, tsamin kuma yana yayyanka sitacin ya rage masa ƙarfi. Ruwan wankin rogo yana ɗauke da gubar sayanaid, don haka duk masana'antar sitaci tana bukatar tafkin tace ruwa kafin a sake shi. Wannan aikin NESREA ne tun daga ranar ba da izini.

Busasshen sitaci ba ya narkewa, ƙonewa yake yi. Sai an haɗa shi da giliserin, wanda masu sabulu suka sani, misalin kilo 70 na sitaci da kilo 30 na giliserin, da ɗan ruwa, a tura cikin injin murza mai sukurori biyu a zafin digiri 120 zuwa 150. A ciki ƙwayoyin sitacin suke fashewa su haɗe, kamar yadda kamu ke zama koko idan an kwara masa tafasasshen ruwa. Abin da ya fito ana iya shimfiɗa shi ya zama leda, sai dai shi kaɗai ba ya jure yanayinmu. Da hunturu ruwan jikinsa ya tsere, ya yi ƙaras-ƙaras ya tsage da an murɗa. Da damina ya sha laima, ya yi laɓo-laɓo, giliserin ya tsatso waje, ledojin su manne da juna a cikin dami, wani lokaci har fumfuna ta hau. Ko a ajiye kawai, bayan 'yan makonni sitacin yakan sake ɗaurewa ya taurare. Idan an rage giliserin ya karye, idan an ƙara ya yi danƙo. Shi ya sa ledar cefane ta gaskiya haɗi ce: sitacin da aka sarrafa kashi 20 zuwa 40, sauran PBAT, da ɗan sinadarin da ke ƙulla su, domin sitaci mai son ruwa ne, PBAT kuwa ba ya so, ba sa kama juna da kansu. Da zarar sitaci ya kusa rabi, balan-balan ɗin da injin busa leda ke hurawa ya fara yagewa.

Injinan busa leda da ke Sharaɗa da Chalawa da Bompai za su iya wannan aiki, amma ba yadda aka saba ba. Sai an wanke ganga sarai daga ragowar polietilin, an sauke zafi zuwa wajen digiri 130 zuwa 150, an rage gudu. Sai an busar da ƙwayar robar na sa'o'i huɗu a digiri 60 zuwa 70 kafin a zuba, domin ɗan danshi kaɗan a cikin zafi yana tsittsinka PBAT da PLA, leda ta fito da ƙuraje da huji. Babban abokin gaba kuma shi ne ɗauke wuta. Polietilin yana iya zama a ganga mai zafi ya jira janareta. Haɗin sitaci kuwa cikin 'yan mintoci zai yi ruwan ƙasa, ya fara warin ƙonannen sukari, a kwashe a zubar. Ga kuma lissafin da mai masana'anta zai fara yi: idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, nauyin polietilin 0.92 ne, na wannan haɗi wajen 1.25, wato kilo guda zai ba da ledojin da suka gaza na da da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan kauri ɗaya ne. Polietilin ana yin sa a gida, a Eleme ta Jihar Ribas, PBAT kuwa da dala ake shigo da shi. Duk wanda ya kawo muku ledar da ya ce mai ruɓewa ce a farashin baƙar ledar 'yan tireda, a fara kai kayansa ɗakin gwaji kafin a saurari bayaninsa.

A ganinmu inda Arewa ta fi ƙarfi ba a siririyar leda ba ne, a zaren tsirrai ne. Ɓuntun shinkafa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, ga shi tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kano da Kebbi da Jigawa. Tuƙar rake wajen kashi 30 cikin 100 ce ta nauyin raken da aka matse a masana'antun sukari na Numan ko Sunti. Ga rama, ga karan shinkafa da ake cinna wa wuta a fadama. Zare yana ƙara wa sitaci ƙarfi, yana rage masa motsi da laima, yana kuma sauko da farashi. Amma ɗanyen zare ba ya kama. Akan jiƙa shi a ruwan sodar sabulu mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 na 'yan sa'o'i don ya saki kakin jikinsa da wani ɓangare na abin da ya ɗaure shi, a ɗauraye har sodar ta fita, a busar sosai, a niƙa a tankaɗe. Idan soda ta yi yawa ko jiƙon ya daɗe, zaren da kansa ya mutu. Idan ba a ɗauraye da kyau ba, ragowar sodar ta ci robar daga ciki. Kashi 10 zuwa 30 na zare shi ne daidai, abin da ya haura haka sai kaya ya riƙa karyewa a gefe. Ɓuntu yana da nasa halin: kashi 15 zuwa 20 na jikinsa silika ne, wato ɗan'uwan yashi, yana cinye sukurorin inji da wuƙaƙen niƙa da sauri. Mu ƙara da cewa kada a sa ido kan karan dawa da harawa, abincin dabbobi ne, kuma tuƙar rake masana'antun sukari suna hura tukunyar tururinsu da ita. Lissafin da ya ɗauka cewa waɗannan kaya kyauta ne zai rushe a shekarar farko.

Faranti iri biyu ake yi da su. Akwai na gashi: a dama sitaci da zare da ruwa da ɗan abin hana mannewa, a zuba a mazubin ƙarfe mai zafin digiri 150 zuwa 200, a danne na minti biyu zuwa uku, tururi ya kumbura shi ya zama soso mara nauyi. Yana da kyau ga ƙwai da dabino da ƙuli-ƙuli da tumatirin kanti. A zuba masa miya kuwa cikin mintoci ya saki. Wasu na shafa masa kakin zuma, sai dai kakin yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, shinkafa da miya mai zafi ta fi ƙarfinsa. Na biyu shi ne na zaren da aka dafa da soda ya zama kunun takarda, a tsotse ruwansa a kan raga, a matse da zafi. Wannan shi ne zai iya maye gurbin tekawe, kuma fasahar ba baƙuwa ba ce: da ita ake buga kiret ɗin ƙwai na kwali da ke kowace kasuwa.

Nan ne muke bukatar kunnen NAFDAC. Farantin zare yana iya riƙe ruwa da ɗan sinadarin hana jiƙa da masu takarda ke amfani da shi, amma manja da man gyaɗa suna ratsa shi. Hanya mafi arha ta hana mai ratsawa ita ce sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, suna taruwa a jinin ɗan Adam, kuma idan farantin ya zama taki suna komawa gona. Denmak ta haramta su a takardar abinci tun Yulin 2020, Tarayyar Turai kuma ta sa musu iyaka a sabuwar dokarta ta kayan ƙunshi. Farantin da ya ruɓe ya bar PFAS kitso ne da ƙwarƙwata. A wajabta gwajin sinadarin fulorin, wanda ke tona asirin PFAS, ga duk mazubin zare, na gida da na waje. Haka nan kofuna da kwanukan da ake cewa na gora ko na ɓuntun shinkafa ne, masu sulɓi da nauyi: akasarinsu garin tsiro ne aka ɗaure da robar melamin. Ba sa ruɓewa, kuma da abinci mai zafi suna sakin melamin da fomaldihaid, abin da ya sa ƙasashen Turai suka kwashe su daga kasuwa. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara suna iya ɗauke da gubar afulatoksin, karan shinkafa kuma da ragowar maganin feshi. Tsohuwar jarida da kwalin bola suna da tawada da man inji, sun isa kiret ɗin ƙwai amma ba su isa taɓa tsire ba. Iyakar da Turai ta sa kan abin da robar abinci ke saki cikin abinci, miligiram 10 a kowane murabba'in desimita, wuri ne mai kyau na farawa, amma a yi gwajin da abin da muke ci: mai mai zafi, da tsami irin na zoɓo da tsamiya.

Akwai kuma wuraren da muke roƙo kada doka ta yi gaggawa, domin kayan da ke ruɓewa ba su kai can ba. Ruwan leda na ɗaya. Abin da aka gina don danshi ya ci shi ba zai riƙe ruwa makonni a rana ba. Maganin ledar fiya wata shi ne a tattara a narkar, kamfanonin da ke fitar da ita su biya kuɗin tattarawar. Na biyu buhun adana wake na PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Ledojinsa biyu na ciki, kowace mai kaurin maikiron 80 (maikiron dubu ne milimita guda), su ne ke toshe iska har ƙwaron wake ya mutu ba tare da an zuba guba ba. Ledar sitaci tana tare iska idan ta bushe, da ta sha laima kuwa ta buɗe. Duk dokar da ta taɓa wannan buhu ta mayar da 'yan Dawanau ga maganin ƙwari ne. Na uku kwandon tumatir. Kwandon gargajiya yana ruɓewa sarai, amma daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas tsinkensa yana soke tumatir, na sama ya danne na ƙasa, ruwa na zuba tun a hanya. Kiret ɗin roba da ake wankewa a sake lodi shekara da shekaru ya fi shi alheri ga manomi da muhalli duka. Ruɓewa ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Magabata da suke naɗe goro a ganyen fita cikin huhu sun zaɓi ganyen ne don yana riƙe wa goro danshi har ya isa inda za shi.

A gona kuwa, akwai wurare biyu da kayan ruɓewa suka fi kowace roba dacewa, domin a nan tsince leda daga ƙasa ne ba ya yiwuwa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa harkar noma na cin tan miliyan 12.5 na roba a shekara. Ledar shimfiɗa a kunya, wadda ke hana ciyawa da ƙafewar ruwa, ta jibge a ƙasar noman auduga ta yankin Shinjiyan na Sin har sai da gwamnatin ƙasar ta ƙara kaurin da doka ta yarda da shi don a iya naɗe ta bayan girbi. Manoman ranin mu sun fara sanin wannan leda, gara a tari abin tun yanzu. Ma'aunin EN 17033 na 2018 ya ce kashi 90 cikin 100 na irin wannan leda ya ruɓe a cikin ƙasa kafin wata 24. Kaurinta yawanci maikiron 12 zuwa 15 ne, dole ta jure rana wata uku zuwa huɗu na tumatir ko tattasai, sannan a nome ta cikin ƙasa. Ranar Kadawa ba ta Italiya ba ce: idan ta tsage a mako na shida ciyawa ta fito, manomi ya yi asara biyu. Idan kuma an nome ta a busasshiyar ƙasar bazara, haka za ta zauna sai ruwa ya sauka. Tashar binciken noman rani ta cibiyar binciken aikin gona, IAR, da ke Kadawa ita ce wurin da ya dace a gwada kowace iri, kaka biyu a jere, kafin a sayar wa manomi.

Na biyu tukunyar renon dashe. Shirin ganuwar itatuwa a jihohi 11 na Arewa da ma'aikatun gandun daji suna renon dashe a baƙar leda, a tsaga da reza ranar dasawa. Ma'aikacin da ke sauri ko dai ya yar da ledar a fili, ko ya binne da ita saiwa ta nannaɗe a ciki. Tukunyar da aka matsa daga tsohuwar takarda da ɓuntu da kashin shanu ana binne ta ne gaba ɗaya. Sai dai dole ta jure ban ruwa safe da yamma na wata uku zuwa huɗu ba ta narke ba, a ɗora ta a kan dandamali don gara, kuma ranar dasawa a binne bakinta duka, domin idan ya leƙo sama yana zuƙe ruwa daga saiwa ya miƙa wa rana. Ɗanyen ɓuntu da yawa yana ƙwace wa dashe sinadarin naitirojin ganye ya yi rawaya, don haka a bari ya fara ruɓewa kafin a haɗa. Gwamnati ce babbar mai sayen wannan kaya. Da za a rubuta waɗannan sharuɗɗa a takardar kwangila, ƙananan masana'antu za su samu kasuwar da za su tsaya da ƙafarsu.

Gwajin ruɓewa na gaskiya, wato auna iskar kabon da ke fita bisa tsarin ISO 14855 da ISO 17556, yana cin watanni, amma kayan aikinsa ba su fi ƙarfin ɗakunan gwajinmu ba. Ga cibiyar binciken fasahar sinadarai, NARICT, a Basawa ta Zariya, ga sashen nazarin roba da masaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken masana'antu, FIIRO, a Oshodi ta Legas, ga NSPRI mai kula da adana amfanin gona. A ware biyu ko uku a ba su kayan aiki da izini, a haɗa da gwajin binnewa a fili a Arewa da Kudu, rani da damina. Jami'in da ke kasuwa ko bakin iyaka kuwa ba sai ya jira wata shida ba. Polietilin yana tasowa a kan ruwa, haɗin PBAT yana nutsewa, ko da yake wanda aka cika da farar ƙasa shi ma yana iya nutsewa. Sinadarin kulorofom yana narkar da PLA da PBAT, ba ya taɓa polietilin. Ɗigon aidin yana mayar da sitaci shuɗi mai duhu. Na'urar FTIR ta hannu, mai gane irin roba ta hanyar haska ta, tana raba gardama cikin minti guda.

Tambarin da za a buga ya ƙunshi ranar da aka yi kaya, domin haɗin sitaci yana tsufa, bayan wata 6 zuwa shekara guda a sito ƙarfinsa ya ragu. A rubuta da Hausa, boko da ajami, da sauran manyan harsuna, tare da hoto. A kuma keɓe masa launi ɗaya da doka ta hana sauran ledoji, saboda masu narkar da roba: idan mai ruɓewa ta shiga cikin polietilin da 'yan bola jari suka tara, ba sa haɗuwa a wuta, ƙwayar da ta fito sai ta ɓata buta da bokitin da aka yi da ita, dillali ya daina saye. Dubban mutane ne ke ci daga wannan sana'a.

Maƙwabciyarmu Nijar ta kafa dokar hana leda tun 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san leda ba ta tafi ba, domin mai koko da mai nama ba su samu abin da za su ƙulla kaya a ciki da kuɗin da ba zai cinye ribarsu ba. Kayan da ake bugawa a Kano har can suke zuwa, don haka tambarin ingancin kayan gida na SON, wato MANCAP, da kuka buga a nan zai yi aiki har ƙetaren iyaka. Muna roƙon a riƙa wallafa sakamakon kowane gwaji a fili, da sunan kayan da ya ci da wanda ya faɗi, a shafin da mai gidan abinci da jami'in sayen kaya na gwamnati za su iya dubawa a waya kafin su biya kuɗi.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wasu injiniyoyin sarrafa roba da ma'aikatan adana amfanin gona.